Idan Aka Tsagaita Wuta

"Murmushi kike yi, Auta?"

Muryar Baba ce ta dawo da ni cikin ɗakin. Wallahi ban san fuskata ta saki ba.

Rediyon yana kan tebur, mai karanta labarai bai ma kai ƙarshe ba. Wai ƙasarmu da maƙwabciyarmu wadda ta shigo mana da yaƙi sun yarda su zauna. Wai shawarar da masu shiga tsakani suka kawo ita ce kowa ya tsaya inda sojansa yake tsaye, a tsagaita wuta, sauran magana sai daga baya.

Inda sojansu yake tsaye kuwa garinmu ne, can tsallaken kogi.

"Baba, ni fa ba..."

"Za a bar musu gidana! Za a bar musu gadar da yayanki ya mutu a kanta, ke kuma kina murmushi!"

Gwaggo, ƙanwarsa wadda ta raine ni tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta taɓe baki tana ninke kaya.

"Ai ba sai ka tambaya ba, Yaya. Mun san wanda ake wa murmushin."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannuna.

Gaskiya ta faɗa.

Tun da na ji an ce tsagaita wuta, fuska ɗaya ce ta tsaya mini a ido. Fuskar Injiniya.

Bikinmu saura kaɗan aka shigo mana. Muka tsallako da kayan jikinmu, muka kama hayar ɗakuna biyu a saman wani shagon fenti. Shi bai biyo mu ba. Mahaifiyarsa ɓarin jikinta ya shanye, ba ta ɗaukuwa a irin wannan gudun, ga gidan ruwan gari a hannunsa. Ranar da muka rabu ya ce mini, "Tsofaffin da ba su iya gudu ba za su buɗe famfo gobe, Rabin raina. Dole wani ya tsaya."

Na ce zan jira shi.

Ban san jiran zai cinye damina bayan damina ba.

Yayana kuma soja ne, a bakin gadar ya faɗi. Ko gawarsa ba mu gani ba. Tun daga nan Baba ya daina barcin kirki, ya koma ba shi da magana sai ta nasara. A ƙwato ƙasa duka, har taku na ƙarshe, ko da za a shekara nawa.

Ni kuwa aiki na samu a asibiti, ɓangaren da ake haɗa ƙafar roba. Kullum ina auna dungulmin samarin da ba su kai ni shekaru ba. Wanda ya ga abin da nake gani, ba ya faɗin "ko da za a shekara nawa" da sauƙi.

A can na san Kyaftin. Abokin yayana ne, ni na auna masa tasa ƙafar, ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara takawa. Daga nan ya soma zuwa gaishe da Baba, daga gaisuwa ya koma ɗan gida. Gwaggo kamar ta goya shi.

Washegarin labarin rediyon ya zo da yamma, ya zauna kusa da Baba, ya ciro waya.

"Baba, na daɗe ina ɓoye wannan saboda Auta. Amma tun da ana maganar buɗe hanya, gara ku san wanda zai shigo muku gida."

Ya danna.

Injiniya ne. Ya rame, ya tara gemu. Yana tsaye a ƙofar gidan ruwa, wani hafsan mamaya yana girgiza hannunsa, ana tafi.



"Shi ke ba su ruwan da suke sha," in ji Kyaftin a hankali. "Su sha, su wanke fuska, su harbo mu."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ashe maci amana muka kusa kai wa 'yarmu!"

Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Auta. Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Kyaftin ya biyo ni har bakin matakala, yana dogara sanda.

"Ki yi haƙuri, ba don in ɓata miki rai ba ne. Ni ina nan, kina ganina. Shi ko an buɗe gadar, yana taka wannan ɓangaren za a kama shi."

"Wa zai nuna shi?"

Ya kawar da kai.

Na shige ɗaki.

Kiran Injiniya ba shi da rana. An yanke musu layinmu, sai ya hau can ƙololuwar tankin ruwa yake samun ɗan layin da ya tsallako. Wata rana ina wurin aiki, hannuna duk farin siminti, wayar ta yi ƙara. Na ruga bayan ɗakin ajiya.

"Rabin raina..."

Iska na kaɗawa a bayansa. Na yi niyyar in yi masa sanyi, amma kuka ya riga ni.

"Na gan ka! Na ga hannunka cikin nasa!"



"Man injin suka kawo," ya ce. "Suka zo da mai ɗaukar hoto. Suka ce ko in miƙa hannu, ko su koma da man. Kwana da kwanaki mutane na ɗibar ruwan kogi, yara na gudawa. Na miƙa. In da za a sake, zan sake miƙawa."

"Baba ya hana a ambace ka."

"Ban ga laifinsa ba."

"To ni fa? Ni ina zan sa kaina?"

"Ki sa shi a ƙirjina mana, ai wurinki na nan, ko haya ban bayar ba."

"Kai wallahi..." Dariya ta kufce mini cikin kuka. "Ka ji abin da ake faɗa a rediyo?"

"Na ji."

"Yaya kake ganin za ta ƙare?"

Ya ja dogon numfashi.

"In sojojinmu suka ce sai sun ƙwato garin da ƙarfi, wannan tankin da nake kai shi za a fara saukewa, don daga samansa ana hango ko'ina. In kuma aka sa hannu aka bar musu, na wayi gari baƙo a gidan ubana. Amma ba su nake tsoro ba."

"Me kake tsoro?"

"A ƙi ci, a ƙi bari. Mu tsufa a waya, ke a can, ni a saman tanki."

"Kada ka ce haka, don Allah..."

"Sanyin idona, ni yanzu ban san wace addu'a zan yi wa ƙasa ba. Ke kaɗai na iya roƙo."

Layin ya ɗauke.

Na daɗe a tsugune, wayar manne da kunnena, ina sauraron babu.

Zaman sulhun ya yi ta jan ƙafa. Yau a ce an kusa, gobe a ce wancan ya tashi ya bar teburin. Mutane suka rabu biyu har a motar haya: masu cewa jinin 'ya'yanmu ba na sayarwa ba ne, da masu cewa to sai sun ƙare duka? Ni dai in aka soma, sai in kalli taga.

Cikin haka ma'aikatan agaji suka tsallako da wasu marasa lafiya. Na shiga ɗakin awo da tef a wuya, sai na ji an ce, "Kai! Wa nake gani haka? Ba Autar direban jirgin ƙasa ba ce?"

Tsohon telan unguwarmu ne. Nakiya ya taka a bayan gidansa.

"Baba Tela!"

"Ni ne, 'yata. Na shekara arba'in ina auna mutane, yau ga shi ana auna ni. Ki dai bar mini ɗan sarari, kada ta matse."

Muka yi dariya, muka yi kuka. Sannan ya kama hannuna.

"Ki kawo mini mahaifinki. Akwai saƙon da ba a faɗa a waya."

Baba ya zo washegari. Kyaftin ne ma ya kawo shi a mota, ya tsaya daga bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa Baba Tela ya ce, "Ɗanka yana da kabari."

Baba ya dafa gefen gadon.

"Me ka ce?"

"Sun hana a taɓa gawar sojojinmu, sun ce wanda ya taɓa zai bi su. Yaron nan na gidan ruwa ya je da motar gyaran famfo, ya ɗauko shi ƙarƙashin bututu. Ni da shi muka yi masa sutura. Yana kwance a bayan gidan ruwa, inda ba mai shiga sai shi. Kullum sai ya share wurin."

"Me ya hana shi faɗa mini?" in ji Baba.

"Suna sauraron waya. Kalma ɗaya, da sun tone shi, sun kwantar da yaron a madadinsa."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ya zauna a ƙasa, a gaban mutane, ya rufe fuska da hularsa.

Na waiwaya wajen Kyaftin.

"Ka san dalilin hoton nan?"

"Na san an tilasta shi." Idonsa ya yi ja. "Amma ni na bar ƙafata a can, Auta. Shi yana da ƙafafunsa biyu, yana kuma da ke."

Na kasa tsanarsa. Ya juya, ƙarar sandarsa na nisa a barandar, bai sake zuwa gidanmu ba.

Da aka tsagaita wutar, ba wanda ya yi guɗa. Ba a ce yaƙi ya ƙare ba, an dai ce a dakata, a ga abin da zama zai haifar. Aka ce za a buɗe gada na 'yan kwanaki don iyalai su ga juna.

"Ɗauko mayafinki," in ji Baba.

"Yaya, cikin bakinsu za ku shiga?" Gwaggo ta riƙe ƙofa. "In aka rufe kuna can fa?"

"Ɗana zan gani."

Ta dube ni, ta dube shi, ta saki ƙofar. Har mun kai ƙasa ta leƙo ta taga.

"Ke! Ki ce masa ya aske wannan gemun, kamar ɗan fursuna!"

Gadar ta cika da mutane, kowa na miƙa wuya. Sojojinsu suka bincike mu, Baba bai ko kalli fuskarsu ba.

Sai na hango shi.

Yana tsaye a jikin wata tsohuwar mota, rigarsa ta yi masa yawa. Na tsaya ina kallonsa.

Shi ya tako. Ya durƙusa a gaban Baba tukuna.

"Baba, ku yafe mini, ban iya..."

Baba ya ɗago shi, ya rungume, ya daɗe bai sake shi ba.

Sannan Injiniya ya juyo gare ni.

"Rabin raina," ya ce, can ƙasa-ƙasa. "Ke ce, ko tankin ne ya fara juya mini kai?"

"Ni ce..."



Kabarin yana ƙarƙashin wata bishiya, an kewaye shi da duwatsu. Muka bar Baba shi kaɗai a wurin. Da ya fito, idonsa ya kumbura, amma kafaɗarsa ta sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Kai ba za ka iya tsallakawa ba," ya ce wa Injiniya.

"A'a, Baba. Ga Inna, ga ruwa, ga kuma abin da ke jirana a can."

"Ke fa, Auta?"

Na san abin da yake tambaya. In aka rufe gadar, ba wanda ya san ranar buɗewa. Na tuna ɗakunanmu biyu, na tuna wa zai riƙa miƙa masa maganinsa da safe.

"Baba, in ka ce in biyo ka, zan biyo ka."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na fashe da kuka.

"Ina sonsa, Baba. Na gaji da jira."

A ɗakin Inna aka ɗaura mana aure, tana kwance tana hawaye da ido ɗaya, da 'yan tsofaffin unguwa da suka rage. Babu kiɗa, babu taro. Ban taɓa jin daɗi da ciwo a lokaci guda irin na ranar ba.

Ranar rufe gada muka raka Baba. A bakin shingen ya tsaya, ya dubi tutarsu da ke kaɗawa a inda tamu take a da.

"Ban yafe musu ba," ya ce. "Ƙasar nan tamu ce, ko sun sa hannu a takarda dubu."

"Na sani, Baba."

"Amma yanzu 'ya'yana uku ne a ƙarƙashin tankin can." Ya dube mu. "Su yi ta zama, su yi ta gardama har gashinsu ya yi fari. Kada dai a sake harbi."

Ya dafa kaina, ya juya.

Na bi shi da ido yana tafiya cikin mutane, yana ƙanƙancewa. Soja ya ja shingen ya rufe.

"Baba!"

Bai waiwayo ba. Hannu kawai ya ɗaga sama, ya bar shi a ɗage har ya kai wancan bakin.

Mijina ya riƙo yatsuna.

"Za a buɗe," ya ce.

"Yaushe?"

"Ban sani ba, Sanyin idona. Amma wannan jiran tare za mu yi shi."