Baƙin Mai A Ƙarƙashin Lalle

"Miƙo hannunki in gani, 'yata."

Itto ta ɗago kai.

Ta ajiye butar shayi a hankali ta miƙa. Kwana uku ta yi tana ɗaura lalle har ya kama jawur, zane ya hau zane, don dai wannan rana. Amma Lalla Zuhur, uwar saurayinta Lahsen, wadda ta taso tun safe daga Risani can cikin sahara don neman aure, ko kallon zanen ba ta yi ba. Juya tafin ta yi, ta ɗaga farce ɗaya saitin taga.

"Wannan baƙin fa? Rinin ulu ne?"



"Baƙin mai ne, Lalla."

"Ikon Allah! Ɗana ya ce mini masaƙiya ce ke. Ya ce dardumarki har Fas ake kai ta."

Itto ta juya ta dubi Lahsen. Shi kuwa gogan naku ya kafa wa kofin shayi ido, kai ka ce a ciki aka rubuta masa amsa.

To, bari in ba ku tushen zancen, don katanga ɗaya ce tsakanina da gidan su Itto, kuma katangar ba ta da tsawo. Ma'allam Bassu, uban Itto, shi ne bakaniken garinmu Timahdit tun ina goyon fari. Shekara biyar ke nan idonsa ya yi hazo, Itto ce ke shiga ƙarƙashin motoci, shi yana kan kujera yana sauraron inji da kunne. Kowa a garin ya sani, amma kowa sai ya ce "Ma'allam ya gyara", don mu nan mun iya rufa wa juna asiri in mun ga dama. Lahsen kuwa direban tasi ne, tsohuwar Marsandi ya gada wurin ubansa. Da bazara ya fara hawo dutsenmu da fasinja, bel ya tsinke masa a ƙofar garejin, ya leƙa ƙarƙashin wata mota yana cewa "sannu da aiki, ɗan'uwa", sai ga ɗan'uwa ya fito da kitso. Tun ranar motarsa ba ta sake wuce garin nan lafiya ba. Yau ƙara, gobe wari, jibi wai sitiyari na kallon hagu.

"Lahsen," in ji Itto, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai ka ce mata haka?"

"Hasken idona, na so in... wato sai bayan..."

"Shi ya sa ka ce in ƙara lallen ya yi kauri?"

Lahsen ya juya kofinsa.

Lalla Zuhur ta ja bargonta ta yi tari mai tsawo. "Da ba don mai garejin bakin gari ba, da an rufe ni ruf. Awa biyar motar nan na hura mini sanyi a gwiwa. Muka tsaya wurinsa, ya ce hita ta mutu, sai an kwance gaban motar, kwana uku. Sannan ya ce, ‘Lalla, me ya kawo ku wurina, ga amaryarku ta fi ni iya kwanciya ƙarƙashin manyan motoci?’"

Moha ke nan, mai garejin! Sau biyu yana aiko neman Itto ana mayar da shi. Ba ita yake so ba, hannunta yake so a garejinsa, kuma wanda ya rasa nama ai sai ya zuba wa tukunya ƙasa.

Ma'allam Bassu ya miƙe yana laluben sandarsa. A tsakiyar ɗaki ga dunƙulen sukari uku cikin shuɗiyar takarda, waɗanda baƙin suka kawo kamar yadda ake yi. In an fasa sukari an sha shayi da shi, magana ta ƙullu. In ya koma a takardarsa, kowa ya kama gabansa.

"Yaro, ɗauki sukarinka."

"Ma'allam, don Allah..."

"Hannun nan da kake ɓoyewa shi ke ciyar da ni. Wanda ke jin kunyarsa ba zai ci daga gare shi ba. Allah ya kiyaye hanya."

"Dama ba zama na zo yi ba," in ji Lalla Zuhur. "Tashi mu je."

Itto ba ta yi kuka ba. Ta tsaya bakin taga cikin farin kaftaninta tana kallon Lahsen yana saka sukarin a but ɗin mota. Abin da ke cin ranta ba maganar tsohuwar ba ne. Tsohuwa ta faɗi abin da ta gani. Amma shi? Shi da ya taɓa riƙe hannun nan da giris ɗinsa da komai, ya ce ya fi masa turare? Ashe ƙauna ma tana da kayan gida da kayan fita...

Dusar ƙanƙara ta fara sauka, siririya. Lahsen na goge gilashi da hannun riga, yana gogewa yana sake daskarewa. A kujerar baya tsohuwar ta dunƙule, tarinta har cikin ɗaki.

"Rufe tagar nan," in ji uban.

"Baba, dutsen Zad za su hau."

"Su hau."

"Kai ka koya mini ba a barin mota ta hau Zad da daskararren gilashi, ko ta maƙiyi ce. Kuma kana jin ƙirjin matar nan."

Tsoho ya yi tsaki. "Cire kaftanin uwarki tukuna."

Ta fito cikin shuɗin kayan aiki, akwatin sifanu a hannu. Ba ta dubi fuskar kowa ba.

"Buɗe bonet."

"Itto, rabin raina..."

"Direba, na ce buɗe bonet."

Ya buɗe. Ta duba ruwan lagireto, cike yake. Ta ce ya tayar da inji ya kunna hita, iska na fitowa da ƙarfinta, sai dai sanyi ƙalau. Ta jira, ta kai hannu can baya inda tiyo biyu ke shiga cikin motar, ta kama wannan ta kama wancan.

"Da toshewa ce, da ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi. Duka biyun ɗumin ruwan alwala ne. Moha ƙarya ya yi muku, ko taɓawa bai yi ba. Allurar zafi fa, ina take tsayawa in kana tafiya?"

"Kwance take a ƙasa tun daga Midelt," ya faɗa har da ɗan alfahari. "Babana ya ce injin kirki ba ya zafi."

"Kashe."

Ta durƙusa ta kwance ƙusa uku a inda babban tiyo ya haɗu da inji. Ruwa ya tsiyayo mata har gwiwar hannu, tsatsa da baƙin mai suka bi zanen lallen suka shafe. Ta ɗaga murfin ta leƙa, sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Fanko! Babu tamosta."

"Babu me?"

"Ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, sannan ya buɗe masa hanya. Wani ya cire."

Gilashin baya ya sauka kaɗan. "Ubansa ne," in ji Lalla Zuhur daga cikin bargo. "Ina tsaye ya cire ya jefa bayan katanga. A Risani duk mai hankali cirewa yake, in ba haka ba mota ta tafasa kafin azahar."

"Gaskiyarsa, Lalla, Allah ya jiƙansa. A ƙasarku dabara ce. A nan kuwa ruwan zagayawa kawai yake, iskar dutse na kwashe zafin. Injin da bai riƙe zafinsa ba, da me zai ɗuma na ciki?"

Ta shiga gareji ta fito da wani a tafin hannu, ɗan abu kamar murfin buta. Ta jefa shi cikin ruwan zafin da ya rage a butar shayi, ya buɗe baki, ta gyaɗa kai.

"Riƙe mini tiyon nan."

Ya riƙe. Kawunansu suka haɗu a ƙarƙashin bonet, inda suka saba haɗuwa.

"Tsoro na ji," ya ce a hankali. "Na ce in ta gan ki za ta so ki, sauran sai a hankali."

"Wa za ta so? Masaƙiyar? Ni ko zaren takalmi na kama sai ya tsinke."

"Wallahi ban taɓa jin kunyarki ba."

"A Timahdit ba ka ji ba. A Risani fa?" Ta ɗaure ƙusa, ta koma ta biyu. "Lahsen, kai mutumin kirki ne. Ba ka faɗa, ba ka musu, kowa ka bar shi da abin da yake son ji. Na ɗauka haƙuri ne. Yau na ga ni ma haka za ka bar ni."

Ta cika ruwa, ta sa ya tayar, ta tsaya tana matsa tiyo har kumfar iska ta gama fita, don iskar da ta maƙale ma kan hana hita aiki. Allura ta fara ɗagowa kaɗan-kaɗan, kamar mai tashi daga jinya.

Lahsen ya daɗe yana kallon allurar. Sai ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa a cikin ƙanƙara.

"Inna, na yi miki ƙarya, ki yafe mini."

"Shiga mu tafi."

"Zan kai ki gida, don ke uwata ce. Amma gobe zan dawo." Muryarsa ta ɗaga har matan layinmu suka daina yi kamar shanya suke kwashewa. "Bakanikiya ce! Ta fi duk mazan hanyar nan! Ita nake so, da baƙin man da komai, kuma in na koma Risani a tasha zan fara faɗa!"

Ni dai tun da na san yaron nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko fasinja ya taka masa ƙafa shi ke ba da haƙuri.

Iskar hita ta fara juyawa, ɗumi ya sauka a gwiwar Lalla Zuhur, ƙanƙarar gilashi ta fara zubar da hawaye. Ta miƙa hannu gaba tana tara, sai ta zare safar hannu ta ulu da ba ta cire ba tun zuwanta, ko da ake shan shayi.

"Ke, zo nan."

Itto ta matso tana goge hannu da tsumma. Ta ga yatsun tsohuwar a karkace, fatar duk tabo, farce biyu babu.

"Shekara goma sha ɗaya ina goge duwatsun ado a Arfud bayan ubansa ya rasu," in ji ta. "Da shi na raine shi. Ranar bikin 'yar ƙanwata aka ce kada in zuba wa baƙi shayi, hannuna zai kore su." "Na rantse matar ɗana ba za a yi mata haka ba. Mai taushin hannu na so masa."

"Ni ba a hana ni zuba shayi, Lalla. Wanda ya ƙi sha, motarsa ta kwana a hanya."

Tsohuwa ta dube ta, dariya ta ƙwace mata, ta koma tari. Ta kama hannun Itto, wanda lalle da mai suka cakuɗe a kai, ta haɗa da nata ta daɗe tana kallo.

"Kai, sakarai, tashi daga ƙanƙara. Fito da sukarin."

Ma'allam Bassu na tsaye bakin ƙofa, kunnensa a kan inji. "Ya zauna daidai," ya ce. "Amma ni ban ce na yarda ba. A tambayi mai aikin."

Duk ido ya koma kan Itto. Ta dubi Lahsen, gwiwoyin wandonsa sharkaf.

"A tasha ka ce za ka faɗa?"

"Da lasifika in kina so, sanyin idona."

"Kar ka ƙara ce mini sanyi yau, na gaji da shi."

Aka koma ɗaki, aka ɗora sabon ruwa. Aka nemi 'yar gudumar fasa sukari sama da ƙasa aka rasa, ni kuwa ban ga dalilin tuna musu cewa tun Ashura take gidana ba. Lalla Zuhur ta yaye shuɗiyar takarda, ta miƙa hannu cikin akwatin Itto ta zaro sifana mafi girma, ta goge a gefen bargonta.

Ƙwas!

Sukari ya tarwatse har cinyar Ma'allam.

Da la'asar Marsandi ta wuce ta gaban garejin Moha a hankali, gilashi tas. Tsohuwar ta sa aka tsaya, ta leƙo ba bargo ba safa, ta ce masa kwana ukun nasa sun cika, surukarta ta gaishe shi.