Ku Maimaita

Saura kaɗan a kira magariba Maimuna ta zura hijabinta, ta ja ƙyauren gida, ta bi lungun da ya zagaya zuwa ƙofar makarantar. Tafiyar ba nisa. Katanga ɗaya ce tsakanin tsakar gidanta da ɗakin kwamfutar makarantar, a nan cikin Mandawari, kuma wannan katangar ce ta hana ta sakat wata huɗu cur.

'Yarta Na'ima ita ce malamar kwamfuta a wurin. Da ciwon ƙoda ya fara cin ƙarfinta, tsayuwa a gaban aji ta gagara, sai ta riƙa zama bayan an tashi tana naɗar darussan da muryarta, cikin Hausa, don kada yara su rasa na jarrabawa. Darasi talatin ta naɗa. Ta rasu cikin azumi. Bayan salla aka koma makaranta, aka jona lasifika, kuma tun daga ranar, kullum da hantsi, Maimuna na tsugune tana wanke-wanke muryar 'yarta za ta tsallako katanga.

"Wannan shi ne kibod. Ku maimaita."

Yara su amsa baki ɗaya. Ita kuma ta zauna da kwano a hannu har kumfa ta bushe.

Sau uku tana zuwa wurin hedimasta, Malam Abdulbaqi. Zuwan ƙarshe ko kujerar da ya nuna mata ba ta kalla ba.

"Hajiya, ai sadaka ce mai gudana a gare ta," in ji shi. "Duk yaron da ya koya, ladan yana isar mata."

"Ban je Makka ba, ka daina ce min Hajiya. Kai in ka rufe ofis gidanka kake tafiya. Ni ina zan je?"

"Za mu rage sautin."

"Haka ka ce wancan zuwan."

"To, Baba, kwamfuta shida ce, yara sun haura ɗari biyu, malami kuma ba mu samu ba. Baƙin da suka zo duba makaranta ma sun yaba ƙwarai."

"Su baƙin su ne suka yi mata wanka?"

Ya mayar da idonsa kan takardunsa. Bai kuma rage sautin ba.

Abin da ya ƙure ta shi ne na wannan makon. Muryar ta fara tashi da almuru, lokacin da babu yaro ko ɗaya a makarantar. Wato na safe bai ishe su ba, sai an kunna mata ita tana alwala. Shi ya sa ta aika wa Malama Halima, ƙawar marigayiyar, wadda mukullin ɗakin ke hannunta yanzu, ta ce ko dai a goge abin nan yau, ko ta shigo da taɓarya gobe a gaban yara.

Ta tarar da Halima a bakin ƙofar ɗakin, mukulli a hannu, ba ta buɗe ba.

"Umma, sannu da zuwa."

"Buɗe mu gama. Ban zo gaisuwa ba."

Ɗakin ya yi zafi. Warin wayar lantarki mai ɗumi ne, da na ƙurar labule, da wani ɗanyen wari kamar na ƙasar da aka haƙo daga ƙasan rijiya. Batiran sola suna ɗan gurnani a kusurwa, kusa da wata doguwar kabad. Halima ta yaye zanen da aka rufe kwamfutar malami da shi, ta kunna. Hasken allon ya haska fuskarta, Maimuna ta ga idanunta sun faɗa.

"Waye yake kunnawa da yamma?"

"Babu kowa, Umma. Mukulli ɗaya ne, a jakata yake kwana."

"Ƙarya zan yi miki ke nan?"

"Ban ce ba. Zauna ki ji wani abu kafin mu goge. Kwana uku ban yi barcin kirki ba."

Ta buɗe darasi na ɗaya, ta ƙure sautin. Muryar Na'ima ta cika ɗakin, da ɗan hakin nan da take yi a ƙarshen magana. Maimuna ta cije leɓe.

"Wannan shi ne kibod. Ku maimaita."

Sai shirun da ta bari don yara su amsa. Da safe ihun yara ne ke cike wannan gurbin. Yanzu babu yara.

A cikin shirun, can ƙasa-ƙasa, wani abu ya motsa. Kamar ana kankare ƙanzo daga tukunya.

"Ki... bo."

Halima ta tsallake zuwa darasi na goma. Abin ya fi fitowa, kamar tsohon da ba shi da haƙori. A na ashirin ya zama muryar mace, mai kauri, tana tuntuɓe a kan kalmomi. Halima ta buɗe na talatin.

"Ku maimaita," in ji Na'ima.

"Ku maimaita," in ji ɗayar. Har da hakin.

"Wa ke tare da ita tana wannan naɗar?" Maimuna ta tambaya.

"Ita kaɗai. Ta ce sai da magariba unguwa ke yin shiru. Kuma da abin sauraro a kunnenta take yi, ba ta jin me ke faruwa a ɗakin."

Fushi ya taso wa Maimuna. Yarinya ba lafiya, ƙafafu a kumbure, aka bar ta ita kaɗai a ɗakin nan wata guda da almuru, don kawai a ce makaranta tana da na zamani. Babu wanda ya ce bari in zauna da ita. Ita ma, da ke bayan katanga tana tuƙa tuwo, ba ta zo ba.

"Goge."

"Umma, babu wani kwafin a ko'ina. Wayar marigayiyar ma an goge komai a kanta. In na goge, shi ke nan."

"Na ce ki goge."

Halima ta haɗa fayilolin talatin, ta danna. Na'urar ta tambaya ko an tabbata. Ta sake dannawa. Ta shiga inda gogaggu ke taruwa, ta share can ma. Sannan ta kashe kwamfutar, ta zare soket, ta kashe makunnin batir. Gurnanin ya tsaya.

Daga masallacin bakin titi ladan ya fara kiran salla.

Suka juya za su fita.

"Umma."

Ba daga lasifika ba ne. Wayar lasifikar na kwance a ƙasa, a zare. Daga bayan kabad ɗin ne.

Halima ta damƙi hannunta. "Kada ki amsa," ta ce a hankali.

"Umma, ƙafata ta sake kumbura. Ki shafa min man."

Maimuna ta tsaya cak. Wannan maganar ba ta cikin kowane darasi. A tsakar gida aka yi ta, a kan tabarma, dab da katanga. Ashe katangar da ke kawo mata murya ita ce ke kai tasu.

Warin ƙasar nan ya ƙaru. Wani abu ya ja jiki a kan siminti. Sau ɗaya. Ya tsaya.

"Umma, ki juyo mana."

Ba ta juya ba. Ƙofa na gabanta, taku biyar.

"To ki kira sunana. Sau ɗaya kawai. Ba ki taɓa ba."

Gaskiya ne. 'Yar fari ce, kuma a gidansu ba a kiran sunan ɗan fari. Shekara ashirin da shida "ke" take ce mata, ko "Malama" in tana son tsokana. Ko ranar da aka fita da gawarta ba ta kira ba.

Bakinta ya buɗe da kansa.

Numfashi mai sanyi ya taɓa bayan wuyanta, ta cikin hijabi.

Harshenta ya hau dasashi.

Sai fushin ya riga sunan fitowa.

"'Yata ba ta taɓa roƙona wannan ba," ta ce. "Ni na yi mata tarbiyya. Kai ko waye, ɓarawo ne. Ka zauna kana kallon marar lafiya tana wahala, kana kwasar muryarta. Allah ya isa tsakanina da kai."

Shiru.

Sai ƙarar kankarar tukunyar nan, dab da kunnenta.

"Ɓa... ra... wo."

Ya sake. Wannan karon ya fi laushi.

"Allah ya... isa."

"Ki yi shiru, Umma," Halima ta raɗa. "Taki yake koya."

Suka zabura. Halima ta fita. Maimuna ta kai bakin ƙofa, hijabinta ya ƙi biyo ta. An riƙe shi ta baya, ƙasa-ƙasa, kamar yadda yaro ke riƙe zanen uwarsa. Wuyan hijabin ya shaƙe ta.

Ta ja. Aka ja.

Ta sunkuyar da kai, ta zame daga cikinsa, ta faɗa waje a kan gwiwoyinta. Halima ta banko ƙofar, ta murza mukulli, tana karanta Ayatul Kursiyyu tana sarƙewa.

Ta ƙasan ƙofar suka ga bakin hijabin yana shigewa ciki a hankali, har ya ɓace.

Da ɗankwali kawai Maimuna ta ratsa lungun, maza na alwala a ƙofar gidajensu suna kawar da kai.

Washegari Malam Abdulbaqi ya yi faɗa har ana jiyo shi a titi. Ya ce an yi wa yara ɗari biyu asara. Halima ta ajiye masa mukulli a kan tebur ta ce ya shiga da kansa da magariba, in ya fito sai su yi magana. Bai shiga ba. Cikin sati aka kwashe kwamfutocin zuwa wani aji a sama, Halima ta fara koyarwa da bakinta, tana duba littafin da Na'ima ta bari. Tsohon ɗakin aka yi masa kwaɗo biyu.

Hantsin Maimuna ya dawo shiru, kamar yadda ta nema. Sai dai maƙwabta sun lura ta daina magana a tsakar gida. In an yi sallama, hannu take ɗagawa, sai an shiga ɗaki an ja labule take amsawa.

Da almuru kuwa, in ta fito da buta, ana kira daga bayan katanga. "Umma." Duk duniya nan kaɗai muryar ta rage. Kwanan nan wata murya ta biyu ta fara amsawa, ta dattijuwa, mai ɗan kaushi, saura kaɗan ta daidaita da ta Maimuna.

"Na'am. Me kike so?"

Maimuna takan tsaya da butar a hannu, zagi cike da bakinta. Ta san duk kalmar da ta saki darasi ce. Sai ta haɗiye, ta tsuguna, ta yi alwalarta.