Ƙaramar Marsandin Petrit Lako

Ƙarfe takwas da ɗan wani abu na safiyar Alhamis aka buga waya caji ofis na Berat cewa an sace mota a gidan marigayi Petrit Lako. Sufeto Luan Zaimi ya ajiye gahawarsa bai ko kurɓa ba. Bai tambayi wace mota ba, don kowa a garin nan ya san ta.

Marsandi 190 ce mai shan dizal, launin madara, ƙirar shekarar tamanin da biyar. Jamusawa sun ƙera ta ne don mai matsakaicin ƙarfi, shi ya sa ake kiranta ƙaramar Marsandi. Mu kuwa da muka tashi a zamanin da gwamnati ta hana kowa mallakar motar kansa, ba mu taɓa ganin ƙanƙantarta ba. Da aka buɗe ƙofa a farkon shekarun casa'in, sai ga hanyoyinmu duk ramuka, kowace mota ta zo ta yi wata shida ta mutu. Ita kaɗai ta jure mana. Petrit ya tuƙo tasa tun daga Jamus, ta yi shekara talatin tana kai amare, tana kai masu naƙuda asibiti, tana raka gawa. Yanzu kuma Jamusawan da suka jefar da irinta a matsayin tsofaffin kwano sun dawo suna bi gida gida suna saye, wai kayan tarihi. Abin da haushi, amma haka ake yi.

Sufeto ya isa gidan tare da Saja Mirela, mace mai kaifin ido da kaifin baki. A ƙofar gida suka tarar da wata doguwar motar ɗaukar mota, da wani Bajamushe ja wur yana riƙe da takardu. Kusa da shi Genti ne, ɗan marigayin tilo, wanda ke zaune a Italiya. Ya zo sadakar arba'in ɗin mahaifinsa, Lahadi zai koma.

"Kai ka buga waya?" in ji Sufeto.

"Ni ne, Yallaɓai. Amma a takarda motar ta wannan bawan Allah ce tun shekaranjiya, shi ya shigar da ƙara."

"Ka sayar ke nan."

"To me zan yi da ita? Inna ba ta tuƙi, ni ba na nan. In bar ta ɓeraye su haihu a ciki?"

"Ina ka kwana?"

"A Durres. Na je tarbo shi a tashar jirgin ruwa. Mun iso takwas saura, muka ga gareji wayam."

Saja Mirela ta duba kwaɗon garejin. Ba a fasa ba, an ma mayar da shi an kulle tsaf.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji ta. "Saura kaɗan ya yi musu shara."

Sufeto bai yi dariya ba. Ƙasa yake kallo. A bakin ƙofar, inda inuwar katanga ta rufe, duwatsun daɓe a jiƙe suke, ruwa ya kwanta a tsakaninsu, ya yi wani dogon layi zuwa titi kamar an watsa shi da hannu. Watan Agusta ne, rabon garin da ruwan sama ya fi sati biyar. A kan katangar kuma ga tulun gilashi, da sauran ɗigo a gindinsa.

Ya daɗe yana kallon tulun. Sannan ya cire hula ya shiga cikin gida.

Drita, matar marigayin, tana zaune a ɗakin baƙi cikin baƙaƙen kaya, ƙarƙashin hoton mijinta. Tsohuwa ce siririya. Ta tashi ta kawo musu gahawa da alewa, don a garin nan ko kama ka aka zo yi sai ka ba baƙo gahawa.

"Allah Ya ba da haƙuri, Inna."

"Allah Ya bar muku naku, ɗana."

"Kin ji ƙarar mota da asuba?"

"Ban ji komai ba. Tun da ya rasu nake shan ƙwayar barci."

"Makullin gareji fa?"

"Ɗaya yana wurin Genti. Ɗayan ban san inda Petrit ya ajiye ba."

"Wa ya zubar da ruwa a ƙofar gida?"

Ta ajiye kofin da ke hannunta a kan faranti.

"Fure na ba ruwa."

"Babu fure a wajen, Inna."

"To tsufa ne," in ji ta. Ta kau da kai.

Da suka fito, Sufeto ya sake kiran Genti.

"Me ya sa aka zo da motar ɗauka? Motar ubanka ba ta tashi ne?"

"Ta ƙi tashi, Yallaɓai. Na yi ta murɗa makulli ranar Talata, ko tari ba ta yi ba. Na ce batir ne."

Saja Mirela ta tuntsire da dariya. "Batir! Kai da gaske ɗan Petrit ne? Italiya ta cinye maka kai. Wace Marsandi ce ta shigo ƙasar nan a zamaninsu ba a ɓoye mata maɓalli ba? Lokacin ɓarayin mota sun fi direbobi yawa. In ba ka taɓa maɓallin ba, ka kwana kana murɗawa."

Kunya ta kama Genti. Shekara talatin ana ɗaukarsa a motar, bai taɓa lura da inda hannun ubansa ke zuwa kafin ya tayar da ita ba.

"Wa yake gyara masa ita?" in ji Sufeto.

"Baffa Ramiz. Ba wanda ya taɓa sa mata hannu sai shi. Tare suka tuƙo ta daga Jamus. Amma Yallaɓai, Baffa ya kusa tamanin, ko gani sosai ba ya yi. Bara aka karɓe lasinsa."

Garejin Ramiz, wanda ake kira Usta, wato babban makaniki, yana bayan tashar ƙananan motoci. Sun same shi zaune a kan tsohuwar kujerar mota, da kofin giyar raki a gabansa tun rana ba ta yi ba. Gajere ne mai farin gashin baki, idanunsa biyu sun yi yana. Ya naɗe hannun hagu da tsumma.

"Barka da hutawa, Usta."

"Luan ne? Na gane muryar. Ubanka ma haka yake magana ta hanci. Zauna."

"An sace motar Petrit."

"Na ji. Allah Ya tsine wa ɓarawo."

"Kai ka sa mata maɓallin ɓoye?"

"Na sa wa rabin garin nan."

"Wa ya san inda nata yake?"

"Ni da shi. Shi kuma ka san inda yake kwance."

"Ina kake da asuba?"

"A gado. Ina kake so tsoho ya kasance, gidan rawa?"

"Hannun fa?"

"Ƙarfe ya yanke ni."

Saja Mirela ta zaga bayan garejin ta dawo riƙe da takalma biyu, suna ɗiga, taɓo ya cika su. Ta ce a kan rufin kwano ta same su, tare da wando da kwalin taba, an baje sigarin ɗaya bayan ɗaya a rana.

"Usta, gadon naka a cikin kogi yake?" in ji ta.

Tsohon ya ɗaga kofinsa, ya mayar bai sha ba.

"To, ni ne," in ji shi. "Rubuta. Ina da makulli tun tuni. Na shiga da asuba na ɗauke ta, ba wanda ya sani, ba wanda ya gan ni. Ni kaɗai."

Sufeto ya jawo wata taya ya zauna a gabansa.

"Usta, uwata ta zuba min ruwa a baya ran da na tafi makarantar 'yan sanda. Kowa a ƙasar nan an zuba masa, don tafiya ta yi sauƙi kamar gudun ruwa. Amma ban taɓa jin wanda ya zuba wa kansa yana riƙe da sitiyari ba. Kuma ba a zuba wa ɓarawo."

Ramiz ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya. Kuka ya zo masa irin na tsofaffin maza, ba sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Saja Mirela, duk bakinta, ta juya tana kallon bango.

"Na ce mata kada ta fito," in ji shi da ƙyar. "Na ce Drita, ki zauna a ɗaki, ba ki gani ba, ba ki ji ba. Sai da na kai bakin titi na ji ruwa ya faɗo a baya. Shekara talatin ba ta taɓa barin motar nan ta yi doguwar tafiya ba ta zuba ba. Hannunta ne ya yi, ba ita ba."

"Ita ta roƙe ka?"

"Ba ta roƙe ni ba. Faɗa min kawai ta yi. Luan, tun ran da aka binne shi, kullum da safe sai ta ɗauki gahawarta ta shiga motar, ta zauna a kujerarta ta rufe ƙofa. Ta ce gidan duk an wanke, an raba kayansa sadaka, motar kaɗai ta rage da ƙamshinsa. Tabarsa, man gashinsa. A nan take ba shi labarin gari. Na ce to bari in kai motar ƙauyenmu in ɓoye a rumbun ƙanena, Bajamushe ya gaji ya tafi, yaro ya koma Italiyarsa, in dawo mata da ita."

"Tana ƙauyen yanzu?"

Ramiz ya girgiza kai.

"Ban kai ba. A kwanar gada rana ta fito ta shiga idona, ban ƙara ganin komai ba sai fari. Ni da na tuƙo ta ƙasa huɗu ban goge mata fenti ba." Ya kama hannun Sufeto. "Don girman Allah kada ka rubuta sunanta."

Sufeto ya miƙe tsaye. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, bai taɓa jin yana ƙin cin nasara irin na ranar ba.

Da azahar aka jawo motar daga kogin Osum da sarƙa. Ta gangara ne a hankali ta faɗa gurbi mai zurfi, tsohon ya fito ta taga. Gabanta ya lotse, gilashi ya fashe, ruwa da taɓo suna zuba ta ƙofofi huɗu. Bajamushen ya zaga ta sau ɗaya, ya ɗauki hoto, ya ce a gaya wa Genti ba ya son ta kuma, amma ƙara tana nan, sai lauyansa ya yi magana. Ya shiga motarsa ya tafi.

Genti ya iso da mahaifiyarsa a tasi, don ta ce ko ba a kai ta ba za ta zo a ƙafa. Da ya ga Ramiz a tsaye kusa da 'yan sanda sai ya yi kansa.

"Baffa! Kai? Kai da ka ɗauki gawar Baba a kafaɗarka?"

"Rabu da shi," in ji Drita. "Ni ce. Sufeto, rubuta, ni na buɗe masa ƙofa."

"Ban ji ba, Inna," in ji Sufeto. "Ƙarar ruwa ta yi yawa a nan."

Genti ya juyo yana kallonta. "Inna, in kina son motar me ya hana ki faɗa min?"

"Na ce maka ka bar ta ta cika shekara."

"Na ɗauka maganar al'ada kike yi."

"Ka ce jirginka Lahadi ne. Na ga kana sauri."

Ta wuce shi, ta sauka gangaren a hankali tana dafa duwatsu. Ba wanda ya tare ta. Ta je ƙofar gaba ta dama, ta ja, ƙofar ta buɗe ta kuma tsaya daram kamar yadda ta saba. Ta sunkuya ta sa kanta ciki. Ta ja numfashi sau ɗaya, ta sake ja. Sannan ta miƙe.

"Ba ya ciki," in ji ta.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Genti ya tambayi Saja abin da take nufi, ta raɗa masa a kunne. Sai ya zauna a ƙasa cikin taɓo da wandonsa mai tsada, ya kifa kai a gwiwa.

Ƙara ta riga ta shiga, Sufeto ba shi da ikon janye ta. Ya bar ankwa a aljihu, ya riƙe gwiwar hannun Ramiz don kada ya yi tuntuɓe, suka nufi motar 'yan sanda. A bakin ƙofar tsohon ya tsaya, ya juya wajen da yake jin muryoyi.

"Drita, ki yafe min. Na kashe miki shi karo na biyu."

Ta buɗe baki za ta amsa, magana ta ƙi fita. Sufeto ya jira har ya ga ba za ta fito ba, sannan ya dafa kan tsohon ya shigar da shi mota.