Hannayen da Raɓa Ta Wanke

Ƙofar ta yi ɗan tsakin da ta saba, sannan ta fesa. Farin hazo mai sanyi ya sauko ya lulluɓe dattijon da ke tsaye a cikinta, tun daga hula har yatsun ƙafa. Kafin ya gama lumshe ido hazon ya bushe, koriyar fitila ta kama, wata murya ta ce, "An gama, a shiga lafiya." Dattijon ya shafa gemu, ya shige gidan Malam Tanimu don yin dubiya.

Dakta Barira, 'yar Malam Tanimu, tana tsaye a bakin zaure tana kallon na'urar da kanta ya haifa. Raɓa ake ce mata. A Birnin Laima, inda aka yi wa gari guda rufi da farantan tara hasken rana, an samu inuwa amma an rasa iska. Gumi ya zama abokin zaman kowa, ƙurajen zafi da makero da warin jiki suka addabi jama'a, har Barira da abokan aikinta suka ƙera ƙofar nan. Hazonta yana kashe ƙwayoyin halittar da ke zaune a fatar mutum, ya bar jiki sumul.

Sau ɗaya a mako aka ce a shiga. To amma mutanen Laima ba su san abu mai kyau ya yi yawa ba. Wani ya ce ai alwala tana wanke Raɓa, maganar ta zaga gari, masu hali suka shiga gasar kafa ta a ƙofar kowane masallaci da sunan sadaka. Daga nan kowa in ya idar da alwala sai ya bi ta ciki, asuba har isha'i. Barira ta yi ta gargaɗi a rediyo har muryarta ta dishe. Da ta ga ƙuraje sun ɓace, babu wanda ya koka, kuma lambobin yabo sai zuwa suke, ita ma ta saki jiki ta bi sahu.

Mahaifin nata tsohon ladan ne, kuma kwanan nan aka dasa masa famfon zuciya, ɗan inji da bai fi babban yatsa ba. Wata siririyar waya ta fito daga ƙasan haƙarƙarinsa zuwa batirin da ke rataye a ƙugunsa. Wannan 'yar kafar da wayar ta bi ita ce abin tsoro, shi ya sa Barira ta sa aka kafa Raɓa a zauren gidan, don duk mai dubiya ya shiga da tsabta.

Amma safiyar Juma'ar nan jikin Malam ya yi zafi rau. Barira ta ɗaga bandejin da ke kan kafar. Bakin kafar ya yi ja, ya kumbura, wani ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa.

"Mene ne, uwata?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ba komai, Baba. Bari in je in dawo."

Ta dangwali ruwan da auduga, ta rufe a kwalba, ta bar shi da ƙanwarta Kubura.

A cibiyar bincike, abokin aikinta Dakta Lurwanu ya zura audugar cikin na'urar tantancewa. Suka tsaya suna kallon allo. Suna ɗaya tak ya fito. Lurwanu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"'Yar-laɓe," ya ce. "Barira, daga jikin wa kika ɗauko wannan?"

"Babana."

Lurwanu ya yi ƙasa da murya. "Cikin makon nan babban asibiti sun aiko min da irinta har sau uku. Mai wankin ƙoda, da wata da aka sa wa gwiwar ƙarfe, da jariri bakwaini. Na ce musu datti ne daga hannun mai ɗaukar samfuri, su sake ɗauka."

"Ina su yanzu?"

"Jaririn ne kawai ya rage."

Ba sakaci ne ya sa Lurwanu faɗin haka ba, abin da aka koya musu ke nan. Fatar ɗan Adam gari ce mai cike da mazauna, dubban ire-iren ƙwayoyi suna cin maiƙo da gumi, suna ture juna, kowace tana hana wata yin yawa. 'Yar-laɓe tana cikin mafi ƙanƙanta a cikinsu. A mutum dubu da ƙyar a same ta a jikin ɗaya, a maƙale can cikin ramin gashi, shi ya sa masu bincike suka laƙa mata wannan suna. Lafiyayyar fata ba ta iya keta ta. Amma in ta samu kafa ta shiga jini, ta tarar da roba ko ƙarfe a ciki, sai ta manne ta gina wa kanta rufi mai yauƙi wanda magani ba ya ratsawa. Abin da ya hana ta yin suna a duniya shi ne maƙwabtanta ba sa barin ta ta miƙe ƙafa.

Barira ta dubi tafin hannunta.

"Goga min auduga a nan," ta ce.

Ya goga nata, ya goga nasa. Suka fita farfajiya suka roƙi duk wanda suka tarar, mai gadi da masu jiran lif da wata mai goyo. Sakamakon ya jeru a allo iri ɗaya sak. Babu dubban mazauna, babu ko goma. 'Yar-laɓe ce kaɗai, ta cika kowane hannu maƙil.

"Hazon ba ya kaiwa ƙasan ramin gashi," Barira ta ce, kamar mai magana cikin barci. "Da sau ɗaya ne a mako, sauran za su farfaɗo su danne ta. Mu kuwa kullum, bayan kowace alwala. Mun kashe mata duk abokan gaba, mun share mata fili."

Daga lasifikokin da ke jikin ginshiƙan rufin gari ta ji sallamar liman. An idar da Juma'a. Sai a lokacin ta tuna abin da Baffa Ilu, ƙanen mahaifinta, ya faɗa jiya yana murna: liman zai yi sanarwa, jama'ar masallaci gaba ɗaya za su zo duba ladaninsu.

Ta kira Kubura a waya. "Ki rufe ƙofa. Kar ki bar kowa ya taɓa Baba."

"Yaya, ki rufa min asiri. Ni zan tare Baffa Ilu da liman? Ai ga su nan ma sun fara shigowa."

Jirgin lilo, wanda ke tafiya rataye a ƙasan rufin gari, bai taɓa yi mata nawa kamar ranar ba. Kowace tasha sai ya tsaya, masu fararen kaya su shigo suna ƙamshin turare, suna musabaha, hannu cikin hannu. Barira ta cusa nata hannayen a hammata. Ta san yadda ake dubiya a unguwarsu. Ba a tsayawa daga nesa a ce sannu. Sai an kama hannun majinyaci an jinjina, a dafa goshinsa, manya kuma su ɗora tafi daidai inda ke ciwo su yi addu'a su tofa.

Tun daga bakin layi ta hango su. Sun yi dogon sahu a ƙofar zauren, kowa yana jiran Raɓa ta fesa shi, abin gwanin ladabi. Ta kutsa tsakanin manyan riguna ba ko sallama, ta finciko wayar na'urar daga bango. Fitilar ta mutu.

"Subhanallahi! Wace ce wannan?"

Ba ta tsaya ba. A ɗakin, mutane sun kewaye gadon. Baffa Ilu ya ɗage rigar yayansa, tafinsa na kan bandejin da ya riga ya saɓule gefe, leɓɓansa na motsi.

"Baffa, ɗauke hannunka!"

Baffa Ilu ya ƙarasa addu'arsa, ya tofa, sannan ya juyo a hankali.

"Barira, ni kike ɗaga wa murya? A gaban liman?"

"Ka yi haƙuri, Baffa, don girman Allah ku fita. Hannayenku ne ke kashe shi."

"Hannayenmu?" Ya ɗaga tafukansa, fes da su. "Yau sau uku ina bi ta ƙofarki. Ke kika ce duk wanda ya bi ta ya tsabtata. Ko ba ke ba ce?"

"Ni ce."

"To yau kuma mun zama ƙazamai? Ɗan'uwana yana kwance, ki hana ni yi masa addu'a?"

Kunya ta kama ta kamar ta nitse, amma tsoro ya fi kunyar. Ta shiga tsakaninsu da gadon ta ware hannuwa, ita ma tana kaffa-kaffa kar ta gogi mahaifin. Liman ne ya fara juyawa ya fita, saura suka bi shi suna gunaguni. Malam Tanimu yana kallonta da idanun da zazzaɓi ya rina.

"Uwata, kin kori baƙina," ya ce.

Kafin la'asar motar asibiti marar direba ta kai shi ɗakin keɓewa. Hannayen inji ne ke juya shi, su ke ba shi ruwa. Likitocin ba su ɓoye mata ba: 'yar-laɓe ta riga ta yi rufi a jikin famfon, kuma cire famfon daidai yake da tsayar da zuciyar. Magani ɗaya ya rage da ake sa rai, shi ma sai in ba a ƙara masa wata sabuwar ƙwayar daga waje ba. Hukumar gari ta kashe duk wata Raɓa, aka dakatar da tiyata, aka raba jarirai bakwaini da iyayensu mata. Lurwanu ya bi unguwa-unguwa yana neman mutum ɗaya mai fata irin ta dā, wanda za a ɗebi ƙwayoyinsa a sake shuka wa jama'a. Bai samu ba.

A kwanakin da suka biyo baya Barira takan shiga wurinsa cikin rigar kariya, fuska a bayan gilashi, hannu cikin safar roba biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙofar masallaci, wanda ba ya taku goma bai gaisa da wani ba, ga shi kwance babu mai taɓa shi sai ƙarfe. Wannan ya fi zazzaɓin cin ransa, ita ma ta sani.

Wata rana da hantsi ta tarar numfashinsa ya yi sama-sama. Ya lalubo hannunta, ya murza robar da yatsunsa, ya saki.

"Wannan ba hannunki ba ne."

"Ni ce, Baba."

"Cire abin nan in ji ɗuminki."

Ta dubi allon da ke saman gadon. Lambobin sun yi ƙasa, amma ba su ƙare ba. Likita ya ce in ya kai gobe, akwai fata.

"Gobe, Baba. In Allah ya kai mu gobe zan cire."

"Uwata," ya ce, "ni ne fa."

Hawaye suka cika mata gilashi, ba halin sharewa. Ta girgiza kai. Ya daɗe yana dubanta, ba fushi a fuskarsa, sannan ya bar tafinsa a buɗe a kan zanen gado, ya fara kalmar shahada a hankali. Tana tsaye tana taya shi ta cikin lasifikar rigar har muryarsa ta ɗauke. Famfon ya ci gaba da juyawa shi kaɗai na ɗan lokaci, kafin likita ya kashe shi daga waje.

Sai a sannan Barira ta zare safar farko, ta zare ta biyu. Ta sa tafinta cikin nasa ta damƙe. Da sauran ɗumi. A duk faɗin Birnin Laima, shi ne majinyaci na farko da aka taɓa da hannu tsirara tun ranar Juma'a, don yanzu kam babu abin da hannunta zai iya yi masa.