Haƙorin 'Yar-lele

"Wallahi yau sai ka faɗa min inda kake kai yarinyar nan!"

Ta tare ƙofar falo. Jaririyarsu 'Yar-lele na saɓe a kafaɗar mijin tana tsala ihu, dalala ta jiƙa masa riga sharkaf.

"Haba zuciyata... iska kawai muke sha."

"Iska? Iskar ce mai turaren mata?"

Ya sosa ƙeya, ya raɓa ta gefenta ya fice.

Tunda haƙori ya fara fitowa yarinyar, gidan ya rasa sukuni. Dasashi ya kumbura, ta ƙi nono, komai ta samu sai baki. An yi goyo, an yi jijjiga, duk a banza. Amma da ya taso daga gareji da la'asar ya fita da ita, sai ta dawo tana barci lakadan, zanenta na wani ƙamshi da ba na gidan ba. Ko dai maganin barci ake ɗura mata, ko kuwa wata ce can take koyon raino da 'yar mutane.

Ta zari mayafi ta bi sawunsa.

Ya wuce kantin magani ko kallo bai yi ba. Ya sha kwana wajen mai gyaran takalmi... Layin gidan iyayenta ne! Gidan da Ummanta ta ce kada ta sake takowa, tunda ta zaɓi bakanike a kan maganarta.

Ta laɓe bayan ƙyaure.

Umma na zaune da jikar a cinya. Ta wanke hannu, ta naɗe yatsa da ƙyalle mai tsabta da ta jiƙa da ruwan sanyi, tana murza dasashin a hankali. Ihun ya koma ajiyar zuciya.

"Ka ce mata ta riƙa sa cokali a firji, ya yi sanyi kawai, kar ya daskare," in ji Umma. "Banda jiƙe-jiƙe! In jiki ya yi zafi sosai, asibiti."

"Umma, da dai ke kika faɗa mata. In na faɗa, sai ta tambayi malamina."

Umma ta gyara wa jikar kwanciya. "Ta rame ko? Tana samun barci?"

"Kullum sai ta yi kukan rashinki a ɓoye."

Ba ta san lokacin da ta tura ƙyauren ba.

"Umma..."

Umma ta daɗe tana kallonta. "Ke ma haka kika gasa min gyaɗa a hannu da naki haƙorin, cizo har jini. Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa!"

Ta zube a gabanta tana kuka, sannan ta ɗago ta dubi mijin.

"Ka yafe min, masoyina. Abin da na zarge ka da shi..."

"Rufa min asiri, kar ki faɗa a nan! Da ƙyar fa na samu Umma ta fara amsa gaisuwata."

Umma ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Matso, ɗana. Karɓi 'yarka in rungumi tawa."