Hannun da Ya Yi Shiru

Gyaran kujerun aji ne ya kawo ta shagonsa. Kafinta ya gaishe ta har sau biyu shiru, ya fara ƙunƙuni ke nan ta nuna kunnenta tana murmushi. Ashe malama ce a makarantar kurame, ita ma ba ta ji. Kunya ta kama shi, so ya biyo baya.

Ya duƙufa koyon maganar hannu, tana gyara masa yatsu tana dariya, wai hannunsa in'ina yake yi. Babanta kuwa ya ce sam, mai ji sai ya gaji da ita wata rana.

Ana nan sai hannunsa na dama ya fara mutuwa. Babban yatsa da na kusa da shi kamar ba nasa ba, guduma na suɓuce masa. Hirar da suke kaiwa magariba ta koma "lafiya lau". Bawan Allah ya ɓoye mata ciwon, yana tsoron a ce sana'arsa ta ƙare.

Sai ga saƙonta a waya: "Masoyi, in ka gaji ka faɗa min. Ba zan riƙe ka ba."

Ta daina zuwa. Yana yankan katako idonsa na kan hanya, kewarta ta hana shi sakat. Da ƙyar ya danna amsa da hannun hagu: "Malamata, ki same ni asibiti gobe, ki gani da idonki."

Tare da Baba ta zo. Likita ta shafa masa wani mai mai sanyi a wuyan hannu, ta ɗora na'urar sikanin. A allo ta nuna musu jijiyar da ta kumbura ta matse, ta ce aikin guduma ne ya jawo, ƙaramar tiyata za ta sake ta.

Malama na kallon bakin likita, ba ta gane komai ba. Kafinta ya ɗaga hannun nan mai maiƙo ya shiga fassara mata, yana cije leɓe don ciwo. Ta kama hannun ta sauke, hawaye na zuba.

Baba ya daɗe yana kallonsu.

"Huta da hannun nan, yaro," ya ce. "Ka turo min manyanka."

Da bandeji a hannu aka ɗaura auren. Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci zuri'arsu.