Auta da Layukan da Ta Ɓoye

Akwai wata yarinya da ake kira Auta, domin ita ce ƙarama a gidansu. Tana aji ɗaya a makarantar sakandare. In dai maganar kwamfuta ce, duk ajinsu babu mai kama ƙafarta. Ita ma ta san haka, kuma ba ta gajiya da tuna wa mutane.

Mamanta tana kiwon kaji a bayan gida. Kullum da safe takan tsince ƙwai, ta jera a kiret, ta kai wa masu shaguna. Babban abin da ke damunta shi ne tsadar 'yan tsaki. Don haka ta ƙudura sayen injin ƙyanƙyasar ƙwai, ta huta da saye.

Injin yana da tsada. Sai Mama ta buɗe asusun ajiya na wata-wata a banki. Duk ƙarshen wata tana zuba wani abu a ciki, ko ciniki ya yi kyau ko bai yi ba. Ta daɗe ba ta ɗinka sabon zane ba saboda wannan asusu.

Wata rana Auta ta ɗauko tsohuwar kwamfutar Yayanta, ta ce, "Mama, bari in yi miki jadawali. Za ki riƙa ganin yadda ajiyarki ke girma."

Ta zana jadawali mai gida-gida. Layin farko na tsaye watanni ne. Na biyu abin da aka zuba. Na uku kuma yana tara jimilla da kansa, ba sai an taɓa shi ba. Can gefen dama ta ƙara wasu layuka. A nan ta rubuta cikakken sunan Mama, da lambar asusunta, da lambar wayarta. Ta kuma yi wa wurin take da manyan baƙaƙe: KUƊIN INJIN KAJIN MAMA.

Mama ta duba, ta yi murmushi. "Kai, wannan 'ya tawa! Allah ya ƙara basira."

"Ai ƙaramin aiki ne," in ji Auta, tana wani ɗaga kai.

Akwai wani zaure na intanet da Mama take shiga ta wayarta. Masu ƙananan sana'o'i ne a cikinsa, suna ba juna shawara a kan ajiya. Ran nan wani mai gyaran takalmi ya rubuta cewa shi lissafin wata-wata yana rikita shi. Ya roƙi duk mai jadawali mai sauƙi ya taimaka ya saka.

Mama ta karanta wa Auta saƙon. Kafin ta rufe baki, Auta ta yi tsalle.

"Mama, mu sa namu! Wallahi babu wanda zai kai shi kyau."

"To, taimako abu ne mai kyau," in ji Mama. "Amma ki cire sunana da lambobina. Ba na son kowa ya gani."

"An gama!"

Auta ta zaɓi layukan gefen dama, ta danna wurin da ake ɓoye layi. Nan take suka ɓace daga fuskar kwamfuta. Ta juyo da kwamfutar wajen Mama.

"Kin gani? Babu su."

Yaya yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalminsa na ƙwallo. Ya ɗago kai ya ce, "Ke Auta, gogewa kika yi ko ɓoyewa?"

"Mene ne bambancin? Kana ganinsu ne?"

"Ni dai na ce ki duba kafin ki aika."

"Yaya, kai da ko jimilla ba ka iya sa kwamfuta ta yi ba? Ka ji da takalminka."

Yaya ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da aikinsa.

Auta ta kwafe jadawalin gaba ɗaya, ta manna shi a zauren da Mama take shiga. Akwai wurin da ake dannawa a ga yadda saƙo zai fito kafin a aika. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta aika, ta ga layuka uku sun fito tsaf, ta rufe kwamfuta.

Abin da ba ta sani ba shi ne, layukan da ta ɓoye sun bi sauran. Jadawalin ya fi shafin faɗi, don haka suna can gefe. Duk wanda ya ja shafin da ɗan yatsa zai gan su a fili.

Kafin magariba godiya ta fara shigowa. Mai gyaran takalmi ya sa albarka. Wata mai sayar da sabulu ta ce ba ta taɓa ganin jadawali mai sauƙi haka ba. Auta ta karanta wa Yaya saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, ko da yake bai tambaye ta ba.

Washegari da ta dawo daga makaranta, ta tarar da Mama a ɗakin kaji tana dama musu abinci. Sai wayar Mama ta yi ƙara a kan taga.

"Ɗauko min, hannuna duk dusa ne," in ji Mama. "Ki sa yadda zan ji daga nan."

Auta ta amsa, ta buɗe murya. Wani mutum ya yi sallama cikin ladabi. Muryarsa a natse take, kamar ta malamin makaranta.

"Ranki ya daɗe, daga banki nake kira," in ji shi. Ya faɗi cikakken sunan Mama. Ya karanto lambar asusunta, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya kuma faɗi abin da ta zuba a watan jiya.

"Haka ne," in ji Mama. "Lafiya dai ko?"

"An sami 'yar matsala. In ba a gyara yau ba, za a rufe asusun. Yanzu za ki ga saƙo ya shigo wayarki da wasu lambobi. Ki karanto mini su, in gyara miki."

Sai ga saƙo ya shigo. Hankalin Mama ya tashi. Ta goge hannu a jikin zanenta, ta karɓi wayar.

"Mutumin nan ya san komai," ta ce wa Auta a hankali. "Lalle daga banki yake."

"Ki hanzarta, ranki ya daɗe," in ji mutumin. "Ba ma so kuɗin injin kajinki su salwanta."

Auta ta ɗago kai da sauri. Kuɗin injin kaji? Mama ba ta taɓa gaya wa banki abin da za ta saya ba. Wuri ɗaya tak aka rubuta wannan magana, kuma Auta ce ta rubuta ta da hannunta.

Mama ta buɗe saƙon, har ta faɗi lamba ta farko.

"Mama, kada ki faɗa!" Auta ta yi ihu, har kaji suka watse. "Ba daga banki yake ba! A jadawalina ya gani!"

Mama ta dube ta. Ta dubi wayar. Sannan ta ce wa mutumin, "To, malam, tunda matsala ce, ga ni nan zuwa bankin da ƙafata. Wane ofis zan same ka?"

Ɗif, ya kashe waya.

Auta ta karɓi wayar. Ta buɗe zauren, ta ja jadawalin gefe. Ga sunan Mama, ga lambar asusu, ga lambar waya, ga kuma taken nan da manyan baƙaƙe. Hawaye suka cika mata ido.

"Ni ce, Mama. Ban goge su ba, ɓoyewa kawai na yi. Yaya ya ce in duba, na ƙi."

Mama ba ta yi faɗa ba a lokacin. Ta ce, "Kukan ya jira. Fara cire shi tukuna, sannan ki sa takalminki."

Auta ta cire saƙon. Ta kuma rubuta wa mai kula da zauren, ta gaya masa abin da ya faru. Daga nan suka kama hanyar banki.

Layi ya yi tsawo. Suka tsaya har ƙafafun Auta suka yi tsami. Da aka zo kansu, ma'aikaciyar banki ta duba kwamfutarta.

"Kuɗinki suna nan, ko sisi ba a taɓa ba," ta ce. "Amma an yi ƙoƙarin shiga asusun ɗazu. Da kin karanta masa lambobin nan duka, da ya kwashe komai. Mu ba ma tambayar kowa irin waɗannan lambobi a waya."

"Alhamdu lillahi," in ji Mama, ta sauke ajiyar zuciya.

Aka rufe tsohon asusun, aka mayar da kuɗin sabo. Sai dai aikin ya cinye yammacin gaba ɗaya. Wani mai shago da ya ce a kai masa ƙwai da yamma ya gaji da jira, ya saya a wani wuri. Kiret-kiret na ƙwai suka kwana a gida.

A hanyar dawowa Mama ta yi magana. "Auta, ban ji haushi don kin yi kuskure ba. Kowa yana yi. Abin da ya ɓata min rai shi ne, na ba ki amana, an kuma ce ki duba, kika raina mai maganar. Daga yau kin huta da kwamfuta a gida, sai ranar da na ce."

"To, Mama," in ji Auta. Kunya ta hana ta ɗaga kai.

Da suka isa gida ta sami Yaya, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Kai ne da gaskiya."

"Me kika ce? Ban ji ba. Kunnen nan nawa sai a hankali."

"Na ce kai ne da gaskiya!"

"Yawwa. A rubuta wannan a jadawali," in ji Yaya. Duk da halin da take ciki, sai da Auta ta yi dariya.

Kashegari a makaranta ta ba Malamar kwamfuta labari. Malama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ɗauki alli, ta sa a aljihu.

"Ina allin?"

"Yana aljihunki, Malama."

"In na tafi ofis, zai bi ni?"

"Zai bi ki."

"To, haka layin da aka ɓoye yake. Idonki ne kawai ba ya ganinsa. Yana nan, kuma duk inda jadawalin ya je, da shi za a je."

"To yaya ake yi, Malama, in ana son taimakon mutane?"

"Ki buɗe sabon shafi fari fat. Ki gina jadawalin da lambobin misali, ba na kowa ba. Kafin ki aika, ki duba yadda zai fito, ki ja shi dama da hagu. Daga nan ki nuna wa babba."

Auta ta rubuta duka a littafinta. A ranar, ko sau ɗaya ba ta ce ta riga ta sani ba.

Bayan wasu kwanaki, Mama ta kira ta. "Mai gyaran takalmin nan yana ta cigiya. Ya ce jadawalin ya ɓace kafin ya gama koyo. Za ki iya yi masa wani?"

"Zan iya, Mama. Amma sai kun duba min, ke da Yaya."

Ta buɗe sabon shafi. Ta sa lambobin misali, babu suna, babu lambar kowa. Ta danna wurin dubawa, ta ja shafin har ƙarshensa. Mama ta duba. Yaya ma ya duba, yana ta gyaran murya kamar wani babban jami'i.

A ƙasan jadawalin Auta ta ƙara 'yan kalmomi: "Jama'a, a kula. Layin da aka ɓoye yana bin jadawali in an kwafa. Mun yi wannan kuskure, saura ƙiris mu yi asara. Duk wanda ya taɓa saka nasa a nan, ya koma ya duba gefe."

Ba a jima ba amsa ta shigo. Mai sayar da sabulu ce. Ta ce ita ma ta saka nata jadawalin da safen nan, ta ɓoye layin lambar asusunta. Da ta ga gargaɗin sai ta koma ta duba, ta tarar lambar tana nan a fili. Ta cire shi nan take, ta yi ta godiya.

Mama ta karanta saƙon, ta jawo Auta jikinta. "Kin gani? Yau kin tsare wa wata baiwar Allah guminta."

Daɗi ya kama Auta, amma wannan karon ba ta cika baki ba. Ta ce, "Mama, har yanzu na iya kwamfuta. Sai dai yanzu na san ban iya duka ba."

Daga ranar Auta ta riƙe darasinta da kyau. Ɓoye abu ba goge shi ba ne. Ba a saka sirrin gida a intanet. Kuma komai ƙwarewarka, in an ce ka duba, ka tsaya ka duba.